BABI NA UKU: TARIHIN TATTARA TSARON HANYOYIN SADARWA A HANNU ƊAYA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda Gwamnatin Tarayya ta tattara ikon kare hanyoyin sadarwa a ofishi ɗaya, tare da duba yadda abin ya shafi unguwar Mabera da ke cikin garin Sakkwato.

3.1 Mafari

Kafin shekarar 2001, harkar tarho a Nijeriya tana hannun kamfanin gwamnati na NITEL, kuma 'yan ƙalilan ne suka mallake shi. Da zuwan wayar salula a 2001, sai aka fara kafa turakun sadarwa a birane da ƙauyuka. Sannu a hankali ciniki da aika kuɗi da sada zumunta a unguwanni irin su Mabera suka rataya a kan waɗannan turaku. Ke nan duk wanda ya lalata su, ko ya yi kutse cikin kwamfutocin banki, ya taɓa abincin talaka.

3.2 Dokoki

A 2014 aka fitar da manufar ƙasa ta farko kan tsaron intanet. A 2015 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar yaƙi da laifuffukan intanet, wadda ta ɗora wa Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro alhakin daidaita aikin hukumomi. A ƙarƙashinsa ne cibiyar ngCERT take karɓar rahoton kutse. An sabunta manufar a 2021. Bugu da ƙari, a 2024 Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa. Hujjar wannan tsari ita ce, mai kutse ba ya sanin iyakar jiha, don haka rarrabuwar kawuna riba ce a gare shi.

3.3 Tasiri

Abubuwa biyu ne suka sa jama'a suka ji nauyin wannan iko a jikinsu. Na farko, a watan Satumba na 2021 hukumar NCC ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga, sa'annan aka rufe a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Rufewar ba ta haɗa da cikin gari ba, amma mazaunin Mabera mai dangi a Isa ko Sabon Birni ya rasa hanyar jin lafiyarsu. Na biyu, a watan Mayu na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su riƙa cire rabin kashi ɗaya cikin ɗari daga kuɗin da aka tura, domin asusun tsaron intanet. Jama'a suka yi ca, har aka janye umarnin cikin watan.

3.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa tattara iko a Abuja ya fayyace wanda za a tuhuma idan ɓarna ta auku. Sai dai talaka ya fi sanin tsarin ta fuskar rufe layi da haraji, ba ta fuskar kariya ba. Muddin ba a tuntuɓi jama'ar da turakun suke a ƙofar gidajensu ba, da wuya su ɗauke su a matsayin amanar da ya wajaba su tsare.