Dambe a intanet: daga dandali zuwa wayar hannu

Dambe wasan gargajiya ne na Hausawa, wanda aka fi sanin mahauta da shi, kuma a can baya da kaka aka fi yin sa. A da, sai wanda ya je dandali ke ganin kisa da idonsa. Sauran jama'a kuwa a rediyo ko a bakin makaɗa irin su Ɗan Anace suke jin bajintar Shago.

Wayar hannu ta sauya lamarin. A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, kuma bidiyoyinta sun samu miliyoyin masu kallo. Yanzu karawar Kudu, Arewa da Guramada a gidan damben Ado Bayero da ke Kano tana yawo a Facebook da TikTok, har Bahaushen Maraɗi ko na Gadarif a Sudan ya kalla daga inda yake.

Sai dai gajeren bidiyo yakan nuna kisa kaɗai, ya bar kiɗa da kirari. Ga kuma batun haƙƙi: bidiyo yakan kawo wa mai tasha kuɗi, amma ba kullum rabon ke isa ga wanda ya sha naushin ba.