Tsufan Goge da Molo: Tarihin da Ke Jikin Ƙwarya da Fata

Darasinmu na wannan mako ya shafi kayan kiɗa masu tsarkiya, yadda ake ƙera su da yadda suke tsufa. Da yawanmu idan makaɗi ya shigo labari sai mu ce "ya ɗauki gogensa", shi ke nan, alhali jikin gogen nan cike yake da tarihi.

Mu fara da ƙira. Goge rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soke shi da sanda, aka ɗaura masa tsagiyar doki. Bakan da ake goga shi da shi ma tsagiya ce, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Kukuma ƙanwarsa ce. Garaya tsarkiya biyu gare ta, masassaƙi ke fafe jikinta daga itace, kuma an san ta a hannun maharba da 'yan bori. Molo tsarkiya uku ne, jikinsa dogo kamar ƙaramin kwalekwale, kuma mu mutanen ƙasar Kabi mun yi tarayya a kansa da maƙwabtanmu Zabarmawa.

To me ya sa tsofaffin waɗannan kaya suke wuyar samu? Mu a Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, ƙasar Gwandu muke, kuma amsar tana cikin tarihin masarautarmu. Bayan jihadin 1804, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙi yammacin daula, Gwandu ta zama cibiya. Malaman jihadi sun yi hani ga kiɗan tsarkiya a rubuce-rubucensu, sun danganta shi da bori da shagala. Fada ta riƙe tambari da kakaki da algaita, waɗanda ake adanawa ana gadonsu. Goge da garaya suka zauna a dandali da gidajen talakawa, inda babu taska. Idan mai su ya rasu kuma babu magaji, gara da damina su ke cin gado.

Zamani ma ya taɓa ƙirar. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, wanda ake yin jikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Gwangwanin kanti ne ya maye gurbin ƙoƙo, ƙirar kuwa ta gida ce.

Tsufan kayan kiɗa yana da ƙa'ida. Fata takan fashe a sake ta, tsagiya ta tsinke a ɗaura wata, amma ƙwarya da sanda su ke daɗewa. Zufa da maiƙon hannu suna mayar da sanda baƙa mai sheƙi daidai inda ake riƙo. Hayaƙin ɗaki yana rina ƙwarya daga fari-fari zuwa ja mai duhu. Garin ƙaro yana barin farin ƙura a kan fata. Idan ƙwarya ta tsage, gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ya zauna har abada. Ga kuma adon baduku na jar fata da wuri da layu, wanda kan nuna ko mai kayan maharbi ne ko makaɗin biki.

Abin da muke bari ya lalace, a wata duniyar kuɗi ake biya a ƙirƙire shi. A tsibirin Hawai, wajen 1889, Joseph Kekuku ya fara kwantar da gita a cinya yana zamar da ƙarfe a kan tsarkiya. A 1932 kamfanin da aka sani da Rickenbacker a Amurka ya fitar da irinta mai lantarki, jikinta na alminiyam, ana mata laƙabi da kaskon suya. 'Yar uwarta mai feda ta iso Najeriya ta hannun Demola Adepoju a ƙungiyar King Sunny Ade. A 1995 kamfanin Fender ya fara sayar da sababbin gitoci da aka kankare fentinsu, aka dusashe ƙarafansu da gangan don su yi kama da tsofaffi, kuma sun fi na yau da kullum tsada. Masu saye suna neman alamar hannun da ya daɗe yana aiki, ko da ta jabu ce.

Tamu alamar ta gaske ce, kuma tana ɓacewa. Ko mutum yana sauraron kiɗa ko ba ya yi, marubuci mai riƙon amanar tarihi ne. Mu nemi dattawan da suka rage a Kalgo da Gwandu da Argungu, mu tambaye su wa ya sassaƙa, wa ya rufa fata, sau nawa aka sake ta, daga hannun wa aka gada. Mu rubuta sunan kowane sashe yadda suka faɗa da bakinsu, mu ɗauki hoto da izininsu. Wanda ya yi haka, in ya zo rubuta makaɗi, mai karatu zai ga ɗinkin gyartai da baƙin sanda, ya san shekarun mutumin ba tare da an faɗa masa ba.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya jiƙan magabatanmu.