Dajin da muka daina shiga

Shekaranjiya ƙanena da ke karatu a Jamus ya turo mini hotuna. Wai sun samu hutu, shi da abokansa sun saɓa jaka sun yi kwana uku suna hawan wasu duwatsu da ko Jamusawan ba kowa ya san su ba, ba don komai ba sai kallon tsuntsaye da awakin dutse. Ya rubuto: "Yaya, mu me ya sa ba mu da irin wannan?" Na ce masa muna da shi, sakinsa muka yi.

Abin mamaki, ɗan ƙasar da yake zaune ɗin ya taɓa ratsa tamu har ya yabe ta. Heinrich Barth, Bajamushen da ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya bar Katsina a ƙarshen Janairun 1851, ya bi ta Kusada da Kafarda da Bichi, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. A littafin tafiyarsa ya yaba kyan wannan yanki: manyan itatuwa masu inuwa, gonaki, garkunan shanu. Kuma fa cikin hunturu ya wuce, ciyawa ta bushe. Ina ga a ce cikin Agusta ya zo?

Gaskiya ƙasarmu ta Kankia da Kusada shimfiɗaɗɗiya ce, duwatsu sai jefi-jefi. In kana son dutse na gaske sai ka nausa yamma, ka wuce Dutsin-Ma zuwa Safana da Runka, bakin dajin Rugu. Ina aji biyu a sakandare kawuna, malamin daji ne a lokacin, ya ɗauke ni a babur muka je can cikin damina. Muka bar babur ɗin a wata ruga, muka taka. Ranar na fara ganin rema tana shan hantsi a kan falalen dutse. Na ga ayarin jan biri, na ga gada ta gifta kamar walƙiya, zabin daji kuwa har na daina ƙirgawa. Da muka kai ƙololuwa kawu ya ce, "Ɗana, zauna ka yi shiru, daji ba ya nuna kansa ga mai surutu." Da yamma Fulanin rugar suka ba mu fura da nono. Babu wanda ya tambaye mu daga ina muke.

Wannan daji ba kara zube yake ba tun asali. Turawa sun kafa dokar kare namun daji a 1916, gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1963, sannan a 1965 ta fito da dokar keɓe wuraren kiwo. Ruma da Kukar Jangarai, wato wannan yanki na Rugu, na cikin wuraren da aka fara gwada tsarin, da taimakon Amurka: aka gina madatsun ruwa, aka tsara kiwo, aka zuba ma'aikata. A Kano, gandun Kogin Kano na zamanin Turawa ya zama Falgore. Kamuku ta Birnin Gwari ta zama gandun daji na tarayya a 1999. Wato a takarda ba abin da muka rasa.

To me ya faru? Nan ne nake saɓawa da masu ɗora komai a kan 'yan bindiga. Wallahi namun sun riga su tafiya. Mu muka cinye dajin: motocin itace da buhunan gawayi, farautar gayya da karnuka da bindiga, gonakin da aka yanka wa manya a cikin burtali da makiyaya. Madatsun suka cike da yashi ba mai yashewa. Malamin daji ya tsufa ya yi ritaya, ba a ɗauki wani ba, wanda ya rage kuma ba babur ba kayan aiki. Daji ya zama ba mai shi, ɓarayin shanu suka samu mafaka, daga satar shanu aka koma satar mutane. A 2017 sojoji suka mai da Falgore filin atisaye. Ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara aka nausa da su daji. Yau in ka ce wa yaro "Rugu", ba rema ko gada zai tuna ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaranmu ba su ma san an yi asara ba. Na tambayi 'yata ko ta san gauraka, ta ce sunan unguwa ne? Tsuntsun da kakanninmu ke gani a fadamu, yanzu da ƙyar ake ganinsa a Nijeriya kaf.

Na dai ce wa ƙanen nawa in ya zo hutu cikin damina zan tashe shi da asuba mu zaga bayan gari, ta gefen dam ɗin Kusada. Shamuwa tana nan tana zuwa da ruwan fari, akwai balbela da zalɓe, in mun yi sa'a mu tayar da fakara a gonar gero. Ya ce, "Rugun fa?" Na ce ya bari tukuna. Ko wannan ɗin ma Inna ta ce lallai mu dawo kafin azahar.