Tawada da Hawaye: Darasi Daga Alƙalamin Nana Asma'u

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Rimin Gado, yamma da birnin Kano, ya san rubutu aikin gaɓɓai ne. Almajiri yakan yi alwala, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora allo a cinya, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawadar gawayi da ƙaro. Idan jiki ya ƙi daɗi, ko mace tana naƙuda, sai malam ya rubuta ayoyi, a wanke, a sha. Magabata sun yi saɓani a kan rubutun sha, wasu sun halatta, wasu sun karhanta. Amma al'adar ta nuna yadda kakanninmu suka ɗauki alƙalami a matsayin hanyar neman waraka.

To, ciwon zuciya fa? A nan ne ya kamata mu waiwayi Sakkwato, wajen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793-1864), Allah Ya ƙara mata yarda. Ta ga hijira da yaƙi tun tana ƙarama. Ta rasa mahaifinta a 1817, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, da mijinta Waziri Giɗaɗo a 1851. Da rashi ya yi mata nauyi sai ta ɗauki alƙalami ta yi marsiyya, da Larabci ko Fulatanci, tana ambaton hawayenta ba tare da ta yi fushi da ƙaddara ba.

Abin lura, ya kai ɗan'uwa, shi ne kukanta bai tsaya a kanta ba. Da ta lissafa halayen Bello na adalci da tsantseni, ma'auni ta ajiye wa masu mulkin bayansa. Ta kuma yi marsiyya ga matan da ba su da sarauta, har da wadda aka sani da taimakon masu haihuwa. Waƙoƙinta na karantarwa kuwa, jajis na 'Yan Taru ne suka haddace su, suka taka da ƙafa zuwa ƙauyuka suna koyar da mata.

A yau idan aka yi mana rashi, mukan yi zaman makoki na kwana uku, mu watse, halayen kirki na mamaci su bi shi kabari. Me zai hana mu zauna mu rubuta su da hannunmu, zuciya ta yi sanyi, 'ya'ya su sami abin koyi?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyautata namu ƙarshe. Amin.