Almajirantarwa Hannu da Hannu a Majami'un Khartum da Omdurman

Almajirantarwa a wurin Kirista ita ce wanda ya daɗe cikin bangaskiya ya ja sabon mai bi a jiki, ya koya masa addu'a da karatun Littafi Mai Tsarki, ya kuma bar shi ya ga zamansa da iyali da maƙwabta. Bulus da Timoti su ne misalin da aka fi kawowa. A Khartum da Omdurman wannan hanya ce ta ɗauki mafi nauyin aikin ikkilisiya, kuma tarihin garuruwan biyu ne ya tilasta hakan.

Daniele Comboni, bishof ɗin Katolika ɗan Italiya da ya rasu a Khartum a 1881, ya gina shirinsa na 1864 a kan cewa 'yan Afirka ne za su kai bishara ga 'yan'uwansu. Wani yaro ɗan ƙabilar Dinka da ya tsere daga bauta ya faɗo hannunsa, aka yi masa baftisma da sunan Comboni na farko, aka tura shi karatu Roma. Yaron nan, Daniel Sorur, shi ne aka naɗa fada a 1887. A zamanin Mahadiyya kuwa, Kiristocin da aka tilasta wa musulunta sun zauna a unguwar Masalma ta Omdurman ba coci ba limami. Komawar wasunsu majami'a bayan 1898 tana nuna cewa wani abu ya ci gaba da wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya a tsakar gida.

Bayan yaƙin Karari na 1898, gwamnatin Ingila da Masar ta hana wa'azi ga Musulmin arewa don gudun kada wutar Mahadiyya ta sake tashi. Llewellyn Gwynne na mishan ɗin CMS, wanda ya iso a 1899, da 'yan mishan na Amurka da suka biyo baya a 1900, ba su da abin yi sai kiwon Kiristocin da suka tarar, sannan makaranta da asibiti. Gine-ginen ma ba su da tabbas: babbar majami'ar All Saints da aka keɓe a 1912 gwamnati ta karɓe ta a 1971. Dokar ridda ta 1991, wadda ba a soke ba sai a 2020, ta ƙara mayar da zancen addini cikin ɗaki.

Inda abin ya fi bayyana shi ne lokacin yaƙin basasa na 1983 zuwa 2005. Mutanen kudu da na duwatsun Nuba sun kwararo babban birnin, aka tura da yawansu sansanonin Jabal Auliya da Mayo, da Wad al-Bashir da Darussalam a bayan Omdurman. Limamai ba su isa ba. Katikis ne ke riƙe da jama'a, mutumin da sau da yawa yake yini a wajen gini ko gadi, da yamma ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfar buhu da kara. Saurayin da ke riƙe masa littafi yau, gobe shi zai yi karatun, jibi a aike shi gaisuwar mutuwa shi kaɗai. Dattijuwa a zumuntar mata takan ɗauki amarya ko gwauruwa ta zama uwar ɗakinta, ta raka ta asibiti, ta bi sawunta idan 'yan sanda sun kama ta kan sayar da shayi a titi. An sha rushe rumfunan sujada, amma katafila ba ta iya rushe wannan alaƙa. Mai karatu Bahaushe ba zai yi mamaki ba, domin haka ɗalibi yake zama gaban malamin zaure shekara da shekaru, yana koyon hali tare da littafi.

Sai dai hanyar tana da rauni da bai kamata a rufe ba. Zumunci yakan bi harshe da dangi, don haka Dinka ya reni Dinka, Moro ya reni Moro, Kibɗawan da suka daɗe a birni kuma su zauna a gefensu. Almajiri yakan gaji kuskuren malaminsa kamar yadda yake gadon nagartarsa, kuma idan babu dattawa masu sa ido, girmamawa takan rikiɗe ta zama mallaka. Wannan ne ya sa makarantu irin su Kwalejin Tauhidi ta Nilu a Bahri suke da muhimmanci: su ne ke auna abin da aka koya a rumfa da ma'aunin ikkilisiya gaba ɗaya.

Rauni na ƙarshe shi ne rabuwa. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, malamai da yawa suka tafi Juba, nauyin ya koma kan 'yan Nuba da suka rena, kuma daga cikin 'yan Nuba ne aka sami Ezekiel Kondo, wanda ya zama babban bishof na Angalikan a Sudan a 2017. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya sake watsa jama'ar zuwa Port Sudan da Alƙahira da Juba, ya bar majami'u da dama a rufe ko a lalace, malami a wata ƙasa almajirinsa a wata.