Fanson mazan jiya: shari'ar da ta fi masu ita tsawon rai

A akwatin ƙarfen kakana na tarar da littafinsa na soja da wata takardar likita da ta yi ja don tsufa. Ya dawo daga yaƙin Faransa yana ɗingishi, kuma har ya bar duniya bai san abin da ke rubuce a takardar ba. Ita ce ta sa na bi tarihin fanson nakasa.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta yi dokar 31 ga Maris 1919, wadda ta ce sojan da ya nakasa a bakin aiki yana bin ƙasa diyya. Likitoci su ke auna nakasar, kashi kaza cikin ɗari, a biya gwargwadon haka. Wanda bai gamsu ba sai ya je kotun fanso, inda alƙali da likita da wani tsohon soja mai karɓar fanso ke zama tare. In ya faɗi, yana iya ɗaukaka ƙara. Amma mutumin karkarar Tawa ko Damagaram da bai taɓa shiga lakwal ba, wa zai rubuta masa ƙara da Faransanci?

A Disamba 1959, gab da samun ƴancin kai, Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanson ƴan ƙasashen da ta mulka. Na Bafaranshe yana ƙaruwa da tsadar rayuwa, na abokinsa ɗan Nijar da suka kwana rami ɗaya ya tsaya cik.

Tsofaffin sojojin Senegal ne suka ja gaba. Su 743, ƙarƙashin Ibrahima Gueye, suka kai kuka Kwamitin Kare Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1989 kwamitin ya ce wariya ce, amma Faransa ba ta gyara ba. Sai Amadou Diop, wanda ya yi aiki daga 1937 zuwa 1959, ya shigar da ƙara a kan fansonsa na ritaya. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 kotun ƙoli mai shari'a tsakanin gwamnati da jama'a, Conseil d'État, ta ce ba a bambanta fanso saboda ƙasar mutum. Hukuncin ya zo Diop yana kabari, ya rasu tun 1996.

Gyaran ma kaɗan-kaɗan ya zo. A 2002 aka yi ƙari, amma bisa tsadar rayuwar kowace ƙasa. Bayan fim ɗin Indigènes na 2006, gwamnatin Jacques Chirac ta daidaita fanson nakasa daga Janairun 2007. Ranar 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulkin Faransa ta soke sauran bambancin, aka daidaita fanson ritaya daga 2011. Shi ma sai wanda ya rubuta ya nema. Mazan jiya nawa suka rage a lokacin?

Abin da na ɗauka shi ne, haƙƙin da ke kan takarda yana buƙatar mai karanta ta. Iyaye, kada ku bari gara ta ci takardun kakanni, ku kai wa wanda ya iya karatu ya duba, musamman in matar marigayin tana raye. Mu malamai kuma, in mun zo darasin yaƙe-yaƙen duniya, kada mu tsaya kan sunayen filayen daga. Bana na ce wa ƴan ajina kowa ya tambayo gida ko an yi tsohon soja a danginsu. Wata yarinya ta zo da lambar yabon kakan mahaifinta ɗaure cikin tsumma, tana tambayata ko an taɓa biyansa.