Zare: Tarihin SteamOS, babbar manhajar da ta faɗi a falo ta tashi a tafin hannu

1/ Jiya wani ƙanena ya turo min tambaya: "Yaya, wai da gaske akwai kwamfutar da ake buga gem ɗin Windows a kanta alhali babu Windows a ciki?" Na fara ba shi amsa, sai na ga abin ya fi ƙarfin saƙo ɗaya. To bari mu yi zare. Labarin SteamOS ne, kuma ya haura shekara goma. Ku biyo ni. 🧵

2/ Babbar manhaja ita ce wadda komai ke zaune a kanta: Android a wayarka, Windows a kwamfutarka. SteamOS ma haka take, sai dai kamfanin Valve na Amurka ya gina ta a kan Linux don manufa ɗaya: ka kunna, ka ɗauki hannun gem, ka jingina da kujera, ka buga. Ba kibod, ba linzami.

3/ Ni a gidan gem na tashi, inda kuɗin tara ke ƙarewa a kan PES. Sai daga baya na gane duniyar gem gida biyu ce. Akwai na'urar falo irin PlayStation da Xbox: sauƙi gare ta, amma a kulle take. Akwai kwamfutar tebur: ka yi yadda ka so, amma sai ka sha saiti. SteamOS yunƙuri ne na ɗaura wa gidajen nan biyu aure.

4/ Mu koma baya. A 1996 Gabe Newell da Mike Harrington suka bar Microsoft suka kafa Valve. Half-Life ya fito 1998. A Satumbar 2003 suka buɗe Steam, kuma da Half-Life 2 ya fito a 2004 aka ce dole sai da Steam, mutane suka yi ta ƙorafi. Amma a hankali Steam ta zama babbar kasuwar gem ɗin kwamfuta a duniya.

5/ Sai dai fa akwai wani abu. Kusan duk cinikin Steam a kan Windows ake yinsa. Wato Valve ta gina katafaren shago, amma filin na wani ne. Duk wanda ya taɓa zaman haya ya san yadda abin yake: komai yawan kwastomominka, ranar da mai gida ya canza shawara, ba ka da ta cewa.

6/ A 2012 Microsoft ta zo da Windows 8, da nata shagon manhajoji a ciki. A Yulin shekarar, wajen wani taro a Seattle, Newell ya fito fili ya kira Windows 8 bala'i ga masu harkar kwamfuta. Tsoronsa kada wata rana a kulle Windows kamar iPhone, komai sai ta ƙofa ɗaya. Hakan bai faru ba, amma tsoron kaɗai ya isa ya sa su neman mafita.

7/ Sai suka fara taku ɗaya-ɗaya. Disambar 2012: Big Picture, wato fuskar Steam mai manyan rubutu don talabijin. Fabrairun 2013: Steam ta sauka a Linux. Satumbar 2013: sanarwa uku cikin mako guda. Ranar 23 SteamOS, ranar 25 na'urorin Steam Machine, ranar 27 hannun gem mai suna Steam Controller.

8/ Ranar 13 ga Disamba 2013 aka saki SteamOS ta gwaji, an gina ta a kan Debian, kuma kyauta ce ga kowa. Valve ta raba na'urori 300 ga masu gwaji. A baje kolin CES na Janairun 2014 a Las Vegas, kamfanoni sama da goma suka nuna nasu Steam Machine. A lokacin wallahi sai ka rantse an gama da PlayStation.

9/ Sai jinkiri ya shigo. Aka ɗage fitowar zuwa 2015. Alhali tun Nuwambar 2013 PS4 da Xbox One sun shiga kasuwa, PS4 ma ta sayar da miliyan ɗaya cikin awa 24 na farko a Arewacin Amurka. Alienware da ta gaji da jira, a 2014 ta fitar da akwatin da ta ƙera, da sunan Alpha, amma Windows ta saka masa. Kun ga alamar farko ke nan.

10/ Ranar 10 ga Nuwamba 2015 Steam Machine suka fito. Ta Alienware daga dala 449 ta fara, lokacin da PS4 ke dala 349. Ga wani abin dariya: a wannan ranar Fallout 4 ya fito, ɗaya daga cikin manyan gem na shekarar, kuma babu na Linux. Haka GTA V. Haka The Witcher 3.

11/ Nan ne gizo ke saƙa. SteamOS ta farko gem ɗin da aka sake ginawa musamman don Linux kaɗai take bugawa. Sauran sai dai ka jawo su ta waya ko waifai daga wata kwamfutar Windows da ke cikin gidan. Masu yin gem suka ce sai sun ga masu saye. Masu saye suka ce sai sun ga gem. Kowa ya zauna jiran kowa.

12/ Na biyu, gudu. Shafin Ars Technica ya gwada gem iri ɗaya a kwamfuta ɗaya, sau ɗaya da SteamOS, sau ɗaya da Windows 10. Windows ta yi mata fintinkau. Dalili: shekara da shekaru ana gina gem da DirectX na Microsoft, masu ƙera katin hoto ma can suka fi mayar da hankali. Linux ragowa take samu.

13/ Na uku, wa aka yi wa? Ɗan falo yana son akwati ɗaya, farashi ɗaya. Sai aka jibge masa iri-iri, daga na ɗaruruwan daloli zuwa na dubbai. Ɗan tebur kuwa yana da kwamfutarsa, kuma duk gem ɗinsa na aiki. Me zai kai shi sayen wata da za ta buga kaɗan daga ciki?

14/ A tsakiyar 2016 Valve ta ce an sayar da Steam Controller sama da 500,000, har da waɗanda aka haɗa da Steam Machine. Ka ga na'urorin kansu ba su kai haka ba. Afrilun 2018 aka cire su daga jerin gaban shagon Steam. Nuwambar 2019 aka karyar da ragowar hannayen a dala 5 aka rufe babin. Ni kaina na ce an yi jana'iza.

15/ Ashe aiki ake yi a ƙarƙashin ƙasa. Tun 1993 akwai wani aikin sa-kai mai suna Wine. Aikinsa tafinta: manhajar Windows ta yi magana, ya juya maganar zuwa yaren da Linux ke ji, nan take. Ya daɗe yana nan, amma manyan gem na zamani sun sha ba shi wahala, musamman ɓangaren zanen hoto.

16/ A 2016 aka fitar da Vulkan, sabuwar hanyar magana da katin hoto wadda ba mallakin Microsoft ba ce. Sai wani mai rubuta manhaja, Philip Rebohle, da yake son buga Nier: Automata a Linux, ya fara rubuta DXVK, mai juya Direct3D 11 zuwa Vulkan. Valve ta ga aikin, ta fara biyansa ya ci gaba. Son gem ɗaya fa ya jawo wannan.

17/ Agustan 2018 Valve, tare da kamfanin CodeWeavers, ta haɗa Wine da DXVK da wasu kayan ta kira su Proton. Da gem 27 aka fara a hukumance. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma a ganina nan ne tarihin ya juya: an daina roƙon masu gem su zo Linux, an koya wa Linux jin yarensu.

18/ Sai jama'a suka karɓi ragowar aikin. Aka buɗe shafin ProtonDB, kowa ya gwada gem ya zo ya rubuta: wannan ya yi, wancan sai ka taɓa kaza, wannan ko motsi ba ya yi. Masu amfani da Linux a tebur, waɗanda ake yi wa kallon 'yan tsiraru masu taurin kai, su suka yi shekaru suna share hanyar.

19/ Yulin 2021 Valve ta sanar da Steam Deck, ta fito 25 ga Fabrairu 2022, daga dala 399. Wannan karon ba ta aiki kowa ba, ita ta ƙera da kanta. Zuwa da kai ya fi aike. Na'ura ɗaya, ƙwaƙwalwar AMD iri ɗaya, don haka aka san takamaimai abin da ake gyara wa manhaja. Kuma ba falo aka nufa ba, tafin hannu.

20/ SteamOS 3 da ke ciki sabon gini ce. An bar Debian an koma Arch Linux, mai saurin samun sabbin gyare-gyare. An kulle gindin manhajar don kada ka ɓata da kuskure. Kuma kwafi biyu take ajiyewa: sabuntawa ta sauka a ɗaya, in ta zo da matsala a koma ɗayan. In kana son aiki, ka juya zuwa tebur na KDE Plasma, ta zama cikakkiyar kwamfuta.

21/ Ranar da na fara riƙe ta wani abokina, ba kyawun hoto ne ya burge ni ba. Ana cikin wasa aka kira salla, ya danna maɓalli ɗaya ta yi barci. Muka dawo ya sake dannawa, ga mu daidai inda muka tsaya. Aka ɗauke wuta ko a jikinmu. Wanda ya san zafin ɗauke wuta ana ci biyu da ɗaya a minti na 88 zai gane ni.

22/ Daga nan 'yan tebur suka fara tambaya: me zai hana a ba mu wannan a kwamfutocinmu? Valve ba ta yi gaggawa ba, sai jama'a suka yi nasu. Bazzite, da aka gina a kan Fedora, da ChimeraOS, duk suna ba ka fuska irin ta Deck a kwamfutar da ka haɗa da hannunka ka ajiye ƙarƙashin talabijin. Mafarkin 2013 ke nan, ya dawo ta ƙofar baya.

23/ Wani abu ya ƙara wa wutar fetur. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar da ba ta tsufa ba. Kwamfutoci da yawa masu lafiya aka bari a baya. Mu da galibin namu na hannu ne, wannan maganar ta shafe mu kai tsaye.

24/ Alƙaluman binciken Steam na wata-wata: Yulin 2023 masu Linux suka zarce masu Mac. Oktobar 2025 suka haura kashi 3 cikin 100. Kada wani ya ruɗe ka dai, har yanzu Windows ke riƙe da sama da kashi 90. Amma abin da ya daɗe yana rarrafe a wajen kashi 1, wannan ba ƙaramin motsi ba ne.

25/ Ga inda na fi so. A Mayun 2025 Lenovo ta fitar da Legion Go S mai SteamOS, na'urar farko ta wani kamfani daban da ta zo da sabuwar manhajar. Akwai irinta sak mai Windows. Ars Technica ta sake gwaji, kuma a yawancin gem ɗin SteamOS ce a gaba. Gem ɗin Windows, ta bakin tafinta, ya fi gudu a gidan baƙi. Shekara goma tsakanin gwajin biyu.

26/ Amma kafin ka goge Windows ɗinka, tsaya. Wasu manyan gem na intanet suna da manhajar hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, kuma masu su ba su buɗe wa Linux ƙofa ba. Fortnite, Valorant, sabbin Call of Duty. Apex Legends ma da yake aiki, an rufe shi a Oktobar 2024. Mu 'yan ƙwallo: EA Sports FC na cikin waɗanda ba sa yi.

27/ Sannan SteamOS ta hukuma da kayan AMD ta saba. In katin hotonka Nvidia ne, duba irin su Bazzite tukuna. Kuma ɗora sabuwar babbar manhaja na iya share duk abin da ke cikin kwamfutar. Kwashe hotunanka da takardun makaranta, ka duba gem ɗinka a ProtonDB, sannan ka taɓa komai.

28/ Ranar 12 ga Nuwamba 2025 Valve ta sanar da sabuwar Steam Machine, ɗan akwati mai kusurwa huɗu don falo, da sabon Steam Controller, da gilashin Steam Frame. Shekara goma da kwana biyu bayan fitowar ta farko. Suna ɗaya, buri ɗaya. Bambancin, wannan karon dubban gem sun riga ta isa falon.

29/ Kada mu mayar da Valve waliyyiya. Kasuwa take karewa. Kashi 30 take karɓa a yawancin ciniki, kuma gem ɗin da ka "saya" a Steam lasisi ne, ba mallaka ba. Wanda ya gudu daga haya, shi ma yau mai gida ne. Abin da zan yaba mata: Proton a buɗe yake, gyaran da ta biya aka yi a Wine da direbobin hoto kowane mai Linux ya amfana, ko bai taɓa sayen Deck ba.

30/ To ƙanena, amsarka: eh, da gaske ne. Amma ba dare ɗaya aka yi ba. Sai da aka faɗi a 2015, aka gane ba akwati ne matsalar ba, gem ɗin da mutane suka riga suka saya ne, aka yi shekaru ana gina musu gada.

31/ Ku fa? Wane gem ɗaya ne in babu shi ba za ku taɓa barin Windows ba? Ni dai na faɗi nawa a lamba 26. Wanda ya gwada Bazzite ko Deck ya faɗa mana yadda ta kaya. In zaren ya amfane ka, tura wa abokin da kullum yake kukan kwamfutarsa ta tsufa.